Wa Ya Karanta Littafin da Aka Ƙwace wa Yaron Nan?

Wata Laraba da la'asar, lokacin ina koyarwa a ƙasar Dogon Kiriya, ina zaune a ƙofar ɗakin da nake haya ina gyaran takardun yara, sai ga wani ɗalibina na ajin ƙarshe na kolaj. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya ajiye littafi a bakin tabarma kamar mai ajiye garwashi. Ya ce, "Mushe, baba ya ce in maido maka. Ya ce kada in ƙara amsar littafin 'yan mishan."

Ni ɗan Katolika ne, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. A Dogon Dutsi aka haife ni, a can aka yi mini baftisma. Rabin dangina Musulmi ne, kakata ta wajen uwa kuwa har ta koma ga Mahaliccinta ba ta bar bori ba. Wanda ya san Arewa ya san irin wannan gida ba abin mamaki ba ne. Ina da wani akwatin ƙarfe da na cika da littattafai cikin shekara ashirin da wani abu, wasu na saya a bakin titi a Yamai, wasu kyauta aka ba ni, kuma duk garin da aka tura ni aiki da shi nake tafiya. Yaron da na ga yana son karatu sai in ba shi aro, ya rubuta sunansa a kayye, ya maido bayan sati biyu. Laifina ke nan.

Littafin 'yan mishan ɗin da aka maido mini shi ne L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane, mutumin Senegal, Musulmi ɗan Musulmi, wanda ya fito a 1961. Labarin wani yaro ne, Samba Jallo, almajirin wani malamin allo mai tsanani da ke ƙaunarsa kamar ransa. Manyan gidan sarauta suka yi ta gardama ko a sa shi lakwal, har wata babbar mace a gidan ta rinjaye su, aka sa shi. Ya yi karatu har Faris, ya dawo gida zuciyarsa a rabe biyu, salla ta yi masa nauyi, ya ƙare a hannun wani mahaukaci da ya ga ya ƙi yin ta. A duk abin da na karanta da Faransanci ban ga inda aka girmama makarantar allo kamar a wannan littafi ba, ban kuma ga inda aka fi tuhumar boko ba. Da mahaifin yaron nan ya san abin da ke ciki, da shi zai saya wa ɗansa.

Washegari na je gidansa. Ɗan kasuwa ne, mai sayen wake yana kaiwa kudu. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura, muka gaisa sosai. Da na kawo zancen sai ya ce, "Mushe, ni ban iya Faransanci ba. Abin da na sani, kai Kirista ne, littafin kuma daga hannunka ya fito. In kai ne ni, yaya za ka yi?" Ban ji haushinsa ba, har yanzu ma ba na ji. Gaskiyarsa ya faɗa mini a gaban idona, kuma tsoronsa yana da tushe. Tun ƙarshen shekarun 1940 da mishan ta zauna a Dogon Dutsi ta buɗe makaranta, iyaye ke tambayar kansu me ake so da 'ya'yansu, kuma a ƙasashe da yawa na Afirka littafi da allo su ne igiyar da aka jawo yara coci da ita. Ba zan yi musun wannan ba. Abin da na ce masa shi ne, "Alhaji, ka ba ni awa ɗaya in ba ka labarin abin da ke ciki da Hausa, daga nan ka yanke hukunci." Zan dawo kan yadda muka ƙare.

Wanda ke ba ni haushi daban ne: mai ilimin da ya iya karatu, littafin yana gabansa, amma ya hana shi bai buɗe ba. Irin wannan mutum yana cikin kowane addini, kuma zan fara da na gidanmu don kada a ce na ga na wani na bar nawa.

Wani hutu a Dutsi, bayan an tashi daga coci ranar Lahadi, wani dattijo da nake girmamawa ya ja ni gefe. Ya ji na ba wani saurayi Kirista, ɗan lise, Le Pauvre Christ de Bomba na Mongo Beti. Ya ce, "Ɗana, ashe kai ma kana cikin masu zagin Ikilisiya? Ga tarihin waliyyai, ga katakisma, sai wannan ka ga ya dace?" Na ce, "Baba, ka karanta shi?" Ya ce Allah ya kiyaye.

To, ga abin da ke ciki. Mongo Beti ɗan Kamaru ne, littafin ya fito a 1956. Wani Fada Bafaranshe mai suna Drumont ya shekara ashirin yana aikin mishan a daji, yana ganin ya kafa Kiristanci. Yaron da ke masa hidima shi ke ba da labarin, da zuciya ɗaya, bai ma san abin da yake tonawa ba. A hankali Fadan ya gane yawancin waɗanda suka zo gare shi gudun aikin tilas na Turawan mulki suke yi, ya kuma gane gidan da ya gina don tarbiyyar 'yan mata kafin aure ya zama wurin bautar da su da lalata su, a hannun katakis ɗin da ya amince wa, a bayan ɗakinsa, shi bai sani ba domin bai taɓa leƙawa ba. Ya tattara kayansa ya koma Faransa. Manyan coci a Kamaru sun yi fushi da littafin a lokacin. Ni kuma ina cewa duk wanda zai zama Fada ko katakis ko shugaban matasa a ƙasar nan, a ba shi ya karanta kafin a ɗora masa hannu. Bayan abin kunyar da ya fito fili a ƙasashe da yawa kan yaran da aka ci zarafinsu a hannun limaman coci aka rufe, wane ɗan Katolika mai hankali ne zai ce Mongo Beti ƙarya ya yi mana? Ya faɗa mana shekara hamsin kafin mu yarda mu ji. Saurayin da na ba littafin har yau yana zuwa coci. Abin da ya canza, ya daina ɗaukar farar riga a matsayin shaidar tsarki, kuma ni ban ga asara a nan ba.

Akwai littafi ɗaya da Alhaji na Dogon Kiriya da dattijon cocinmu za su haɗa baki su hana, shi ne abin da ya fi ci mini rai: Sarraounia na Abdoulaye Mamani, ɗan ƙasarmu, wanda ya fito a 1980. Na sha jin an ce littafin arna ne, tsafi ne a ciki, daga bakin Musulmi da Kirista duka. Lugu fa tana nan cikin gundumarmu, ƙasar Dan Kasari. A watan Afrilu na 1899 ne rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta taho tana ƙona garuruwa tana yanka mutane, ta afka wa Lugu, mutanen Sarauniya suka tsaya mata da baka da kibiya. Daga nan rundunar ta wuce ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Mutanen Burkina sun tafa wa kakarmu, mu kuma muna ɓoye ta ga jikokinta.

Ba ina cewa littafin Mamani tarihi ne tsantsa ba. Ƙagaggen labari ne, kuma Mamani ɗan siyasa ne na Sawaba da ya sha gudun hijira, yana neman jaruma da zai nuna wa ƙasa. Ya ƙara gishiri. Sarauniyar da mutanen Lugu suka sani mai riƙon al'ada ce, mai zama a ɓoye cikin ɗakinta, ba mai yawo a fagen fama kamar ta fim ba. To, ai nan darasin yake. Malami ya ba yara littafin, sannan ya ce kowa ya je ya tambayi tsohuwar gidansu abin da ta ji game da Sarauniya da Tunguma da Baura na Bagaji, a zo aji a gwada abin da aka rubuta da abin da aka ji. Yaron da ya yi wannan aiki sau ɗaya ya koyi yadda ake tuhumar rubutu, kuma ba wanda zai ƙara ruɗinsa da saƙon WhatsApp cikin sauƙi. Ni ban bauta wa Tunguma, imanina ya hana ni. Amma addinin da ya ce in girmama uwa da uba bai ce in tsaya a kansu in yar da kaka ba. Turawa sun zo sun zauna da tsofaffinmu sun rubuta: Marc-Henri Piault ya fitar da tarihin Mawri a 1970 da Faransanci, Adeline Masquelier ta fitar da littafi kan bori da Musulunci a Dogon Dutsi a 2001 da Ingilishi. Ɗalibai a Amurka suna cin jarrabawa da labarin unguwarmu, ɗan unguwar kuwa an ce masa kada ya taɓa.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa nake ganin ɗan Katolika yana da bakin magana a nan fiye da kowa. Mu mun gwada hana littafi, da hukuma da hatimi da komai, har shekara ɗari huɗu. A 1559 Fafaroma Bulus na Huɗu ya fitar da jerin littattafan da aka haramta wa Kirista karantawa, aka yi ta sabunta shi, bugun ƙarshe na 1948 yana ɗauke da suna wajen dubu huɗu. Littafin Galileo da ya ce duniya ce ke zagaya rana ya shiga ciki, bai fita ba sai 1835, duniya kuwa ba ta fasa zagayawa ba ko na kwana ɗaya. Descartes ya shiga. Amma wanda ke sa ni sunkuyar da kai shi ne Les Misérables na Victor Hugo, na 1862, wanda ya zauna a jerin har 1959. A farkon littafin nan akwai wani bishop da ya sauki tsohon ɗan kurkuku, Jean Valjean, wanda duk gari ya kora. Cikin dare baƙon ya sace kayan azurfar gidan ya gudu. Da jandarmomi suka kamo shi suka kawo, bishop ɗin ya ce ai kyauta ya ba shi, ya ma ɗauko sauran azurfar da ta rage ya ƙara masa. Daga wannan dare rayuwar ɓarawon ta juya. Na ji wa'azi ya fi dubu a rayuwata, ban ji wanda ya bayyana mini jinƙai kamar waɗannan shafuka ba. Wannan littafi Ikilisiyata ta hana kusan shekara ɗari, domin marubucin yana sukar limamai da sarakuna.

A watan Yuni na 1966, zamanin Fafaroma Bulus na Shida, aka ajiye jerin. Ba a ce kowane littafi alheri ne ba. An ce har yanzu Kirista ya yi hattara da abin da zai ɓata masa imani da ɗabi'a, amma nauyin ya koma kan lamirinsa da tarbiyyar da aka yi masa. Ma'ana, an gane cewa katanga ba ta yi aiki ba, sai a koya wa mutum rarrabewa. Watanni kaɗan kafin nan, a Oktoba 1965, babban taron bishop-bishop na Vatikan ya fitar da takardar Nostra Aetate, inda Ikilisiya ta bayyana girmamawarta ga Musulmi, ta nemi a bar gabar da ta wuce a nemi fahimtar juna. Ba a fahimtar mutum ba a karanta abin da ya rubuta ba. Shi ya sa a 1975, a nan Yamai, bishop-bishop suka zauna suka saurari Amadou Hampâté Bâ, Musulmi Batijjane na Mali, yana yi musu bayanin yadda Musulmi ke ganin Annabi Isa. Jawabin ya zama ɗan ƙaramin littafi, Jésus vu par un musulman. Ina ba kowane Kirista shawara ya neme shi, tare da wanda ya rubuta kan malaminsa Cerno Bokar na Bandiagara. In bishop ya zauna ya ɗauki karatu wurin Batijjane, kai wane ne da za ka ce ɗanka ba zai buɗe littafin Musulmi ba?

Maƙwabtanmu ma sun gwada nasu. A 2007 an tara littattafan soyayya an cinna musu wuta a bainar jama'a a Kano, don kare tarbiyyar 'yan mata. Marubutan ba su daina ba, 'yan matan ba su daina ba, labaran sun koma cikin waya inda uwa ba ta gani. Mu kuma a Janairun 2015 mun ga coci-coci da makarantu suna ci da wuta a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta yi a Faris, zanen da mu ma muka yi tir da shi. Na san maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a ɗakunansu a ranakun nan, ba zan manta musu ba. Amma na lura da abu ɗaya: wutar ba ta tambayi abin da ke cikin littattafan da ta cinye ba, har da na lissafi da na nahawu.

Kada wani ya ce ina cewa a sakar wa yaro komai. Ba zan ba ɗan shekara goma sha biyu Mongo Beti ba, ko ɗana ne. Kowane littafi da shekarunsa, kamar yadda ba a ba jariri tuwo. Uba yana da iko ya ce a'a, kuma malamin da ya zagaya bayan uba ya ci amana. Ni kaina ina da ƙa'ida da ban taɓa karyawa ba: ban ba ɗan Musulmi Littafi Mai Tsarki ko katakisma ko wani littafin koyar da addinina, ko ya roƙa. In ce masa ya je ya tambayi mahaifinsa, in mahaifin yana so ya zo da kansa. Wanda ya yi amfani da yunwar karatu ta yaro don ya sace shi daga addinin gidansu ɓarawo ne, ko da kuros a wuyansa ko da tasbaha a hannunsa. Abin da nake nema ƙarami ne: kafin a ce a'a, wani babba a gidan ko a makarantar ya karanta, ko ya sa a karanta masa. Hukuncin ya fito daga abin da ke cikin littafin.

Kuma mu ji tsoron Allah mu dubi inda haɗarin yake. Yaron da aka ƙwace wa Cheikh Hamidou Kane yana da waya. Da dare yana fada da abokansa, ana shan shayi ana tura wa juna bidiyo, kuma ba uban da ya taɓa cewa a kawo katin wayar ya duba. A azuzuwan zana da na koyar, sau da yawa yara huɗu ko biyar ke leƙen littafin karatu ɗaya, wani ajin ma na malami kaɗai ne, sai ya kwafe a allo. Yaro ya kai ajin BEPC bai taɓa karanta littafi ɗaya daga bango zuwa bango ba. A irin wannan fari ne muke gardamar wane hatsi ne bai dace da cikinsa ba.

Malamai 'yan'uwana, mu ma da namu. Nawa ne cikinmu suka karanta littafi guda a bara, ban da na shirya darasi? Na san albashin ɗan kwantiragi, na san yakan makara, na ci wannan wuya. Amma kuɗin katin waya na wata biyu ya sayi tsohon littafi a Yamai. Marigayi Fafaroma Faransis ya rubuta wata wasiƙa a Yulin 2024 kan amfanin karanta ƙagaggun labarai da waƙoƙi wajen tarbiyya, har ga masu shirin zama Fada. A ciki ya ba da labarin lokacin da yake koyar da adabi a wata makarantar sakandare a Santa Fe ta Ajantina, wajen 1964: manhaja ta ce a karanta wani tsohon littafi, yara suka ce su wani marubucin zamani suke so. Sai ya ce su karanta na manhaja a gida, a aji kuma a yi wanda suke so. Daga wanda suke so ɗin suka kamu da son karatu har suka wuce zuwa sauran. Dabarar ba ta buƙatar ko dala.

Wanda ya fi ba ni hujja shi ne Waliyi Agustin, kuma ina so iyaye Musulmi su san shi domin ɗan Afirka ne. An haife shi a 354 a garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya, ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yanzu, ya rasu a 430. Fafaroma na yanzu, Leo na Goma Sha Huɗu, ɗan ƙungiyar da ke bin tafarkinsa ne. A littafinsa na iƙirari, wanda ake samu da Faransanci da sunan Les Confessions, ya faɗi yadda yana ɗan shekara goma sha tara, yana cikin shashanci, ya karanta wani littafi na Cicero, mutumin da ya mutu kafin a haifi Almasihu, bai san coci ba bai san Linjila ba. Wannan littafi na bamaguje ne ya fara kunna masa wutar neman gaskiya, wadda ta kai shi ga Allah bayan shekaru. Da mahaifiyarsa Monika ta ƙwace shi ta ce na arna ne, Allah kaɗai ya san inda ɗanta zai ƙare.

A littafin dai ya faɗi wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Ya ce yana yaro ya tsani Girkanci domin da bulala da tsoro aka koya masa, Latin kuwa ya sha shi a gida, a bakin masu renonsa, cikin wasa da dariya, ba wanda ya doke shi. Duk malamin da ya tsaya gaban yaran CI a ƙauyen Arewa yana magana da Faransanci suna kallonsa kamar an saukar da aljani ya san abin da Agustin ke nufi. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Madalla. Ina littattafan? Ka lura yawancin waɗanda na lissafa a sama da Faransanci suke, shi ya sa Alhaji bai iya duba abin da aka ba ɗansa ba. Rabin rigimar nan rigimar harshe ce. A nan ma sai na taɓa gidanmu: 'yan'uwanmu Furotesta suka fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, suka yi wa'azi da Hausa a Tsibiri da Maraɗi da Galmi, mu Katolika muka daɗe muna jingine da Faransanci kamar da shi aka yi wa Musa magana a dutse.

Kafin a fassara mana Kane da Mamani, akwai na Hausa da ke nan, ana samunsu a Ƙonni da Maraɗi da Sakkwato, kuma da su ya kamata kowane gida ya fara. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939, inda aku ke riƙe ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Imam malami ne ɗan malamai, amma ya ɗebo labaransa daga na Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya ɗinka musu riga da hula har ba ka gane baƙi ne. Bai tambayi addinin mai labari ba, ya duba ko labarin zai amfani ɗan Bahaushe. Sai Ruwan Bagaja, don dariya. Sai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda nake so a karanta a hankali. Labarin yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi cikin bauta, ya zama babban malami, uwarsa kuma ta bi sawunsa shekara da shekaru tana nema. Ni in na karanta shi sai in tuna Josefin Bakhita, yarinyar Darfur da aka sace ita ma aka sayar, ta ƙare a Italiya ta zama sista, ta rasu a 1947, aka sa ta cikin waliyyai a 2000. Yara biyu da aka raba da uwayensu, ɗaya ya sami Allah a kan buzun malami, ɗaya a ɗakin addu'ar sistoci. Na taɓa ba da labarin biyun a aji ɗaya, ban ce wa kowa ga wanda ya fi ba, yaran da kansu suka koma tambayar su wa suka yi ta sayar da mutane a ƙasar nan, kuma ina jikokin waɗanda aka sayar. Aka tashi ba a gama ba.

Na ce zan dawo kan Alhaji. Awa ɗaya na roƙa, muka kai har kiran magariba. Ya tashi ya yi salla, ni na jira a tabarma, ya dawo ya ce in ci gaba. Da na kai inda babbar macen nan ta ce a kai yara lakwal ko da za su manta wani abu na gida, sai ya daka mini tsawa kamar ni na faɗa, ya ce wannan mata ta cuci yaron. Can kuma ya yi shiru, ya ce to da ba a kai su ba fa, da wa zai karanta mana takardar awo a kan iyaka? Ya yi ta gardama da mutanen cikin littafin yana kiran sunayensu kamar 'yan garinsu. A ƙarshe ya ce, "Mushe, bar shi nan wurina. Ina da ƙane mai aikin likita, in ya zo zai karanta mini da kansa, in ji ko ka rage wani abu."

Yaron bai samu ya karanta shi ba kafin jarrabawa, kuma wannan yana damuna har yanzu. Da aka canza mini wurin aiki na aika a karɓo mini littafina. Alhaji ya ce a gaya wa Mushe ba su gama ba, sun tsaya inda Samba Jallo ya isa Faris, ƙanen nasa kuma sai ƙarshen wata yake zuwa. Ya ce in akwai wani irinsa da Hausa, wanda zai sa yaron ya karanta masa da dare, in aiko. Na ba direban motar kasuwa Shaihu Umar ya kai masa, na rubuta sunan Alhaji a kayye, a layin da ke ƙarƙashin na ɗansa.